Gonar Bakin Birni: Ta Wace Ƙofa Sauyin Tsarin Noma Ke Shigowa?

Tambaya: Malam, mahaifina yana da 'yar gona da ɗan lambu a wajen Kano, ta ɓangaren Kumbotso. Tun ina yaro nake jin gwamnati ta sake tsarin noma, yau tallafin taki, gobe bashi, jibi rufe boda, amma gidanmu jiya i yau. Ga kasuwa kusa da mu, ga titi. Shin waɗannan sauye-sauye suna taɓa irinmu kuwa, ko sai manoman can cikin ƙauye?

Amsa: Suna taɓa ku, ɗana, har sun fi taɓa ku a kan na cikin ƙauye, sai dai ba ta ƙofar da kake zuba ido ba. Na yi shekaru ina aikin malamin gona a garuruwan da suka kewaye Kano, kuma abin da na lura shi ne masu rubuta tsarin noma suna da manomi iri ɗaya a ransu: mai hekta biyu ko uku, ya shuka hatsi da damina, ya cika rumbu, ya kai rara kasuwa. Mahaifinka ba wannan ba ne. Gonarsa ƙila ba ta kai eka ɗaya ba, gado ya rarraba ta tun kakanninku, kuma abin da yake saya na abinci a shekara ya fi abin da yake sayarwa.

Bari mu yi lissafi a fili, domin duk sauran magana a kansa za ta hau. A ce gidanku yana cin kwano biyu na hatsi a rana. Buhu kwano 40 ne, ke nan duk kwana 20 buhu ya tafi, a shekara buhu 18. In gonar ta ba da buhu shida, an gode Allah, ta ciyar da ku wata huɗu. Sauran wata takwas daga ina? Daga kuɗin alayyafo da latas, daga yayanka mai tuƙa a-daidaita-sahu, daga ɗinki ko lebura a birni, daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da mahaifiyarka ke yi, daga ragon da aka turke don layya. Irin wannan gida manomi ne da safe, ɗan birni mai sayen awo da yamma. Duk tsarin da ya ɗaga farashin hatsi don ya faranta wa manomi rai, ku ta wajen tukunya yake fara same ku.

Wannan yanki ba sabon abu ba ne a wajen masana. Tun shekarun 1960 wani Bature mai nazarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi bincike a kan karkarar da ta zagaye Kano, inda mutane suka yi cunkoso amma ƙasa ba ta mutu ba, ana noma ta kowace shekara babu hutu. Sirrin kuwa jaki ne. Da rani jakuna su shiga birni da itace da kara, su fito da mangala cike da taki, toka da kashin dabbobi da sharar gida. Birni ya ci abincin karkara, karkara ta ci sharar birni. Ba gwamnati ta tsara wannan ba, kuma har yau ban ga tsarin noma da ya ɗauke shi da muhimmanci ba. Yanzu tifa ce ke kawo sharar, rabinta leda ce da gwangwani da fasassun kwalabe. Ka je gonakin Ungogo ko Gezawa kafin faɗuwar damina, za ka ga yara suna tsince leda daga tsibin taki, iska tana kwashe sauran tana maƙala wa ƙaya.

Babban sauyi na farko da tsarar mahaifinka suka gani shi ne na 1986, zamanin Janar Babangida, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta gyaɗa da ta auduga da ta hatsi. Ga mai auduga a Funtua wannan babban lamari ne. Ga manomin bakin Kano kuwa rushewar ba ta yi zafi sosai ba, don dama babu hukumar da ta taɓa sayen tumatir ko yakuwa. Abin da ya same shi shi ne ɗaya ɓangaren, wato faɗuwar darajar naira, wadda ta ɗaga kuɗin duk abin da ake shigowa da shi: taki, maganin feshi, irin kabeji da karas na gwangwani, kayan gyaran inji. Ka riƙe wannan, domin abin ya sake maimaituwa bayan shekara 37.

Sai taki, wanda shi ne aka fi yin surutu a kansa. An cire tallafinsa gaba ɗaya a 1997, aka dawo da kashi 25 cikin 100 a 1999, daga nan ya zama kayan siyasa. Ana raba shi ta hannun mazaɓa da masu unguwanni da 'yan jam'iyya, kuma sau da yawa sai dawa ta kai gwiwa motar take isowa. A 2012 ministan noma na lokacin, Akinwumi Adesina, ya kawo shirin GES: a yi wa manomi rajista, a turo masa saƙo ta waya, ya je wajen dila ya karɓi buhu biyu, kamfa (wato NPK) ɗaya yuriya ɗaya, a rabin kuɗi. Shi ministan da bakinsa ya sha faɗin cewa a tsohon tsari kashi 11 cikin 100 na manoma kaɗai ke samun takin tallafi. A ganina, cikin duk shirye-shiryen da na ga wucewarsu, wannan ne ya fi dacewa da irinku. Buhu biyu ba komai ba ne ga mai hekta biyar, amma ga mai rabin eka ya ishe shi har ya rage wa lambu. Ga waya a hannu, ga sabis, ga dila kusa, abubuwan da na cikin lungu ba su da su. Matsalar ita ce gwamnati ta tara bashin dilolin ba ta biya a kan kari ba, shirin ya yi ta tangal-tangal har ya kwanta. Daga ƙarshen 2016 aka koma wani salon, aka ƙulla yarjejeniya da Maroko don shigo da sinadarin da ake haɗawa a masana'antun cikin gida, aka ce buhun kamfa naira 5,500. An samu sauƙi na ɗan lokaci, sannan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da faɗuwar naira suka share wannan farashi kamar ba a taɓa yin sa ba.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Galibin rabon takin gwamnati an gina shi ne a kan damina. Mai lambu kuwa takinsa na watan Nuwamba zuwa Maris ne, kuma ba buhu yake saya ba, a kwano yake aunowa, duk bayan yanka ɗaya ya watsa kaɗan. Wanda ke saye a kwano shi ya fi kowa biyan tsada. Kuma idan takin zamani ya tashi, kowa sai ya ruga wajen kashin kaji na gidajen gonar da ke gefen gari, shi ma ya bi sahu ya tashi. Abin da a da ake roƙonka ka zo ka kwashe, yanzu a buhu ake sayar da shi.

Amma in ka tambaye ni wane sauyi ne ya fi girgiza lambun mahaifinka a shekarun nan, ba zan ambaci ma'aikatar gona ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 ce, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Lita da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar Yuni na 2023 kuma aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta kai 1,500 a farkon shekarar da ta biyo. Me ya haɗa wannan da alayyafo? Kakanka da jigo ya yi ban-ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya. Daga shekarun 1980 zuwa shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990, mu malaman gona mu muka bi mutane gida-gida muka ce su ajiye jigo su karɓi ɗan inji da rijiyar da ake bugawa a fadama. Shawara ce mai kyau a lokacin, fili ya ƙaru, aiki ya ragu. Abin da ba mu faɗa musu ba, don mu ma ba mu hango shi ba, shi ne mun ɗaura ribar lambunsu a jikin famfon gidan mai.

Na tsaya a lambun wani mutum a ranin 2024, rabin fangalinsa kore shar, rabi ya bushe ƙurmus. Ba ruwa ya rasa ba, rijiyar tana nan cike. Galan ɗin da ya saba cikawa da asuba ne ya koma sayen rabi, sai ya zaɓi wanda zai shayar ya bar sauran. Ya bar kabeji, wanda ke cin wata uku yana shan ruwa kafin ya ba da ko sisi, ya riƙe alayyafo da latas da ake cirewa cikin 'yan makonni. Haka mutane da yawa suka yi, kuma da kowa ya koma abu ɗaya sai kasuwar 'Yankaba ta cika, dillali ya taya yadda ya ga dama. Manoman Kadawa da Kura da Bunkure da ke shan ruwan madatsar Tiga ta kwata, ruwan yana gangarowa da kansa, wannan bugu bai same su kamar yadda ya samu mai inji ba. Wasu masu inji sun mayar da injinsu na iskar gas, masu hali sun sa mai aiki da hasken rana, amma kuɗin farko ya fi ƙarfin mai fangali goma.

A nan dai kusanci da birni ya yi muku rana, gaskiya ce. Kuɗin mota ya ninka ga kowa, amma mai ɗauko kaya daga nesa shi ya fi jin jiki. Ku kuwa da kura ko babur ko ma keke an isa kasuwa kafin hantsi. Ganye ba ya jure tafiya, shi ya sa ba wanda zai ƙwace muku kasuwarsa daga nesa. Wannan ita ce babbar garkuwarku, kuma ba wata gwamnati da ta ba ku ita.

Rufe boda fa? An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka fara buɗe wasu a Disamban 2020, don a kare shinkafar gida. Mai noman shinkafa a Kura ya ji daɗi, masu injin casa suka yawaita. Gidanku da ba ya noma shinkafa amma yana cin ta, ya biya kuɗin wannan kariya. Sai kuma a Yulin 2024 gwamnati ta juya, ta ba da damar kwana 150 na shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, ba tare da haraji ba. A 2025 hatsi ya sauko, manyan manoma da masu ajiya a kasuwar hatsi ta Dawanau suka yi ta kuka, don taki bai sauko tare da shi ba. Ka tambayi mahaifiyarka, ina kyautata zaton ita ba ta yi kuka ba. Awo ya yi sauƙi, dusar da take ba tumaki ta yi sauƙi. Wanda ya ji ciwo a gidanku shi ne wanda ke zuwa ƙwadago a gonakin manya, domin mai gonar da ya faɗi bara, bana sai ya rage fili ya rage 'yan aiki. Tsari ɗaya, gida ɗaya, wani na murna wani na tsaki.

Tumatir kam labarinsa gajere ne. An buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, mai iya cinye tan 1,200 a rana, a shekarar kuma tsutsar da manoma ke kira sharon ta share gonaki. A 2017 aka ƙara haraji a kan markaɗaɗɗen tumatir na waje. Masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa. Ko da tana aiki kullum, mai kwando biyar ba abokin cinikinta ba ne, kasuwarsa tana wajen 'yan gwari da masu tuwo-tuwo.

Bashi ma haka. Shirin Babban Bankin Najeriya da aka fi sani da Anko Borowa, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, an tsara shi ne a kan ƙungiya da hekta da amfani iri ɗaya da za a kai wa kamfani, galibi shinkafa da masara da alkama da auduga. An zuba fiye da naira tiriliyan ɗaya, biyan ya yi wuya, sabbin shugabannin bankin suka janye daga irin wannan rance tun daga ƙarshen 2023. Mai shuka abu shida a rabin eka bai dace da fom ɗin ba. Bankinsa na gaskiya shi ne dillalin kasuwa, wanda zai ba shi kuɗin iri da mai a farkon rani a kan sharaɗin kaya su sauka a hannunsa. Ana zagin dillali, ni ma na zage shi a taro da dama, amma shi ba ya neman fasfo da lambar banki, kuma ranar suna ko rasuwa za ka gan shi. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardar naira ta ɓace, 'yan gwari sun fi kowa shan wuya: mai hatsi ya rufe shago ya jira, mai latas ba shi da jibi.

Yanzu ga wadda nake so ka fi mayar da hankali a kanta, domin sauran duk ciwon shekara ne, ita kuwa ta har abada ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai da wahala. Dokar ta ce duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Shi ke da ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, daga ranar kuma ikon ba da shaidar mallaka a wurin ya bar hannun ƙaramar hukuma ya koma nasa. Yana iya karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itatuwa ko rijiya, ba ta darajar ita ƙasar ba. Ga manomin can nesa wannan rubutu ne a takarda, ƙila har ya mutu ba wanda zai zo. Ga gonar da fitilun birni ke haska ta da dare, magana ce ta yau ko gobe.

Na taɓa halartar ranar da masu awo suka shiga gonar wani dattijo. An ƙirga masa mangwaro biyu, ɗorawa ɗaya, da gawo, aka rubuta. Ya yi ta nuna musu ƙasar da sandarsa yana cewa shekara arba'in yake zuba mata taki, ku duba launinta ku duba ta maƙwabci. Babu gurbin wannan a takardarsu. Ko da aka ba shi kaso daga fulotin da aka yanka a gonar, bai da kuɗin biyan abin da ake biya kafin a ba da takarda, ya sayar wa wani ɗan kasuwa a araha. Bayan shekara biyu na gan shi yana gadi a ɗaya daga cikin gidajen da aka gina a wurin.

Saboda tsoron irin wannan ne mutane ke riga gwamnati, su kira mai igiya ya yanka gonar fuloti-fuloti su sayar, abin da ake kira awon igiya. Unguwanni da yawa a gefen Kano haka suka tashi, babu kwata babu filin makaranta. Ban ga laifin mai gona ba, lissafi ya yi. Amma ka lura da ɓarnar da wannan fargaba ke yi tun kafin a taɓa gonar. Wanda bai san ko gonarsa za ta kai shekara uku ba, ba zai dasa mangwaro ba, ba zai haƙa rijiya mai zurfi ba, ba zai sayi tifar taki ba. Mai haya ko aro ya fi shi shiga uku, don ranar biyan diyya sunansa ba ya cikin lissafi. Sai a zo daga ofis ana cewa manoman nan ba sa karɓar sabuwar dabara.

Masu lambu a bakin rafukan Jakara da Getsi suna cikin wani hali na daban. Ruwan da suke ban-ruwa da shi dattin birni ne, na Getsi har da abin da masana'antun Bompai ke zubarwa, kuma ganyensu yana shiga tukwanen Kano kullum. Ba a hana su ba, ba a kuma taimaka musu da tace ruwan ba. Ma'aikatar gona na kallonsu 'yan birni, masu tsara birni na kallon filinsu wurin da ba a gina ba tukuna.

To, me za ku yi? Ba zan ce maka ku ƙi sayarwa ko ku sayar ba, wannan shawarar gida ce. Amma ka zaunar da Baba ku duba takardun gonar tun yanzu. In gado ce ba a raba ba, a raba a gaban alƙali a karɓi takarda, don ranar da mai saye ko mai awo ya zo, gidan da bakinsa ya rabu shi ake yi wa wayo. A sami shaidar mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka a rubuce, a nemi ta hukuma in hali ya yi. A ƙirga itatuwa da rijiya a ɗauki hotonsu. Ku shiga ƙungiyar manoman unguwarku ko da kuna ganin ba ta tsinana komai, domin duk rabon da zai zo ta jerin sunaye yake zuwa, kuma goma da suka haɗa kuɗi suna iya sayen buhu cikakke maimakon kwano-kwano, ko inji mai hasken rana guda ɗaya a riƙa karɓa-karɓa.

Kai kuma da ka yi karatu, ka saya wa lambun littafi mai bango. Daga ranar da aka yafa iri, ka rubuta kowace lita, kowane kwanon taki, kuɗin feshi, kuɗin kura, la'adar dillali, da abin da ya shigo, kowane fangali da shafinsa. Mahaifinka ya san ƙasarsa fiye da ni da kai, amma lissafin da ke kansa na zamanin lita naira 185 ne. In rani ya fita ku buɗe littafin tare, ku ga ko kabeji ne ke ciyar da alayyafo ko alayyafo ke ciyar da kabeji, sannan ku yanke abin da za a shuka baɗi.